Lamba Takwas a Bayan Gareji

Mai Faci ne ya fara ganin ɓarnar, kuma kowa a layin kanikawa ya san bakin Mai Faci ba shi da murfi. Kafin shayin safe ya huce, labari ya kai ƙarshen layi ya dawo: an sace hob ɗin motar Malama.

Ga wanda bai sani ba, hob shi ne ƙarfen nan mai kama da faranti da ake ɗaure taya a jikinsa. A motar yanzu, in ya lalace sai a jefar a sa wani. To, motar Malama ba ta yanzu ba ce. Ta girmi rabin kanikawan layin, koriya ce shar, mai doro kamar kunkuru, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufe ƙofa. Mijinta marigayi ne ya bar mata. Shi da hannunsa ya bi manyan ƙarafan jikinta ya buga wa kowanne ɗigo uku da ƙusa, don kada wani ya yi masa musanya. Shekara tara da rasuwarsa, Malama, wadda ta aje aikin koyarwa, ita ke tuƙa abarta, ita ke wanke ta.

Makon da ya gabata ta kai ta garejin Baba Kunne a gyara birkin gaba. Motar ta yi kwana huɗu a can, har da ranar hutun layi, ta karɓa ta tafi. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo, fuska a murtuke.

"Baba, motar nan rawa take yi," in ji ta. "Ba a sitiyari nake ji ba, hannuna lafiya lau. A kujera nake ji, a ƙuguna, da zarar na wuce sittin."

Baba Kunne ya ce taya ce, ya tura ta wurin Mai Faci. Shi kuwa ya gwada tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, bai sami laifinsu ba. Sai ya ɗaga bayan motar da jak, ya riƙe alli dab da bakin tayar hagu, ya juya ta da hannu. Ta zo ta lashi allin, ta kauce, ta lasa, ta kauce. Da ya kwance tayar, sai ga hob mai tsatsa, baƙon ƙarfe, babu ɗigo uku babu dalilinsu.

Ba a sha wahalar neman wanda za a zarga ba. Akwai wani bakanike da ake kira Mai Gilashi, wata takwas ke nan da zuwansa, yana aiki a wani lungu na garejin Baba Kunne. Mutum ne mai shiru, ba ya zaman benci, in ba aiki sai ka gan shi da littafin mota a cinya. A layi irin wannan kuwa, wanda ba ya hira ya riga ya yi rabin laifi. Shi ya gyara birkin. Shugaban layi ya yanke cewa gobe da la'asar za a taru, in laifin ya tabbata a kore shi, a kuma aika sunansa duk garejin da ke garin. Mutum mai mata da 'ya'ya huɗu!

Baba Kunne ne ya ɗaga hannu ya ce, "Kada mu yi gaggawa. A kira Mabi Sawu. Abin da ya faɗa shi ke nan."

*

Mabi Sawu ya yi shekara talatin yana bin sawun dabbobin da aka sace daga gonaki, daga baya 'yan sanda suka riƙa aron idonsa. Ana cewa in kaza ta ratsa tsakar gida, zai dubi sawunta ya gaya maka ko ta ƙoshi. Yanzu tsufa ya zaunar da shi.

"Kai da ka ce ka daina?" tsohuwarsa, wato uwargidansa, ta ce da ta ga yana neman sandarsa. "Shekaranjiya allura ta faɗi a ɗaki, ni na tsinto maka."

"Allura ba ta da ƙafa, ke. Ba ni hulata. Kurma ne ya aiko."

Kurma shi ne Baba Kunne. Tare suka tashi tun suna gudu ba riga. Ɗaya ya ci abinci da ido, ɗaya da kunne, don a zamaninsa Baba Kunne in mota ta wuce a titi, yana zaune zai ce fulogi na uku ne ke ba ta wahala, a buɗe kuwa a tarar haka ne. Saboda tsokana irin ta aminai, mai idon ya zama Makaho, mai kunnen ya zama Kurma, aka yi shekara hamsin a haka.

Mabi Sawu ya tarar da Baba Kunne a gareji, a tsaye ya ba ƙofa baya. Ya yi sallama sau biyu, shiru, sai da ya dafa kafaɗarsa. Mabi Sawu ya ce a ransa, damuwa ce ta yi masa yawa.

"Makaho, wa ya jawo ka?"

"Warin garejinka na biyo. Nuna mini."

Baba Kunne ya kai shi inda motar ta kwana. Ga duron baƙin mai a gefe. Ƙasar wurin ta sha mai har ta zama kamar yumɓun tukwane, ga sawun takalmin Mai Gilashi raɗau, mai zanen ƙashin kifi. Yawanci wajen tayoyin gaba, kaɗan a baya.

"Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba," Baba Kunne ya ce. "Hob ɗin irin wannan mota a kan sandar ƙarfe mai tsini yake zaune, ya yi shekara arba'in yana cizonta. Ko ka kwance babban noti ba zai motsa ba. Guduma ba ta fitar da shi. Sai da ƙarfen zarewa, mai ƙafa uku kamar murhu. Duk layin nan mutum ɗaya ke da shi." Ya nuna lungun Mai Gilashi da haɓa. "Ban so haka ba, wallahi. Amma ka ga sawu da idonka."

"Na ga sawun wanda ya yi aiki a nan. Ban ga na ɓarawo ba tukuna."

*

Mai Gilashi yana zaune a kan akwatin kayan aikinsa, ya zuba tagumi. Da ya ga dattijo sai ya miƙe ya ba shi wurin.

"Baba, gaba kawai na taɓa. Maigidana ya ce bayan motar nan ba mai sa masa hannu sai shi, tun mijin Malama na da rai. Sawuna da ke baya kuwa, duwatsu na sa wa tayoyi kada ta gangara."

"Ina mai ƙafa ukun?"

Ya ciro shi daga jikin ƙusa. Yana ƙyalli, ko ƙura babu.

Wani mai walda da ke leƙe ta taga ya ce, "Kun gani? Ya goge shaida!"

"Kullum da yamma nake goge kayana," Mai Gilashi ya ce. "Yanzu tsafta ma laifi ce?"

"Ranar hutu ina kake?"

"Asibiti, ƙaramar 'yata ba lafiya. Amma ba wanda ya san ni a can, Baba. Ni a garin nan ba wanda ya san ni." Ya cire gilashin ya goge da gefen riga. "In aka kira ni ɓarawo, ba garejin nan kaɗai na rasa ba. Wa zai sake ba ni makullin motarsa?"

Mabi Sawu ya ɗauki sandarsa ya fita. A aikinsa ya ga ɓarayi masu kuka fiye da haka.

*

Motar tana wurin Mai Faci, a ɗage. Malama ta sa kujera ta zauna gadinta kamar mai jinya.

"Kada ka dube ni haka, Baba," Mai Faci ya riga shi. "Na san ana cewa ni ma na riƙe tayoyin. Ni da na tona? Ɓarawo yana kiran mutane su zo su ga aikinsa?"

"Yana yi, in yana da baki irin naka. Ba ni tabarma."

Tsoho ya kwanta a hankali, gwiwoyi na ƙara, ya shiga ƙarƙashin mota. Ya daɗe. Da ya fito, akwai wani abu a tafin hannunsa: busasshen jan laka, da 'ya'yan ciyawa maƙale a ciki.

"Malama, kin bi hanyar gona kwanan nan?"

"Ni? Motar nan ba ta san ƙasa ba sai kwalta. Ko rami na gani kewayewa nake yi."

"Da kika kawo ta, ina kika bar makulli?"

"Inda nake bari kullum. A ƙusar da ke bayan kujerar Baba Kunne."

Ƙasar layin kanikawa baƙa ce. Jar ƙasa wuri ɗaya take a kusa, wani fili da ke bayan garejin Baba Kunne, inda ake zubar da gawarwakin motoci. An kuma yi ruwan sama ana gobe ranar hutu, tun daga nan ko yayyafi ba a sake yi ba.

*

"Me za ka yi a can?" Baba Kunne ya ce. "Ba komai sai ƙaya da kashin awaki. Zauna a kawo maka shayi."

"Ajiye mini, ina zuwa."

Rana ta gasa jan lakan nan ya zama kamar bulo, duk abin da ya taka shi da danshi yana nan a rubuce. Garken awaki ya bi ta gefe ya tattake sawun mutane, amma na tayoyi yana nan. Siraran tayoyi, irin na da. Mabi Sawu ya tsaya ya ƙura ido, don bai taɓa ganin irinsa ba. Motar ba wani wuri ta je ba. Zagaye ta yi ta yi, ta karya dama ta karya hagu, ta zana lamba takwas ƙatuwa a tsakiyar fili, ta sake bin kanta, ta sake.

Ya durƙusa ya bi layukan da kan sandarsa, yana rarrabe wanda ya hau kan wani. Zagaye tara da rabi. Har na bakwai sawun tayar hagu ta baya miƙe yake sumul. Daga nan sai ya fara lanƙwasa kamar sawun maciji, yana ƙaruwa, har zagaye biyu da rabi, sannan motar ta tsaya. Ga gurbin gindin jak a wurin. Can gefe kuma, a ƙarƙashin wata gawar mota, ga wata da'irar tsatsa a ƙasa da fararen saiwoyi a ciki, inda wani ƙarfe mai kama da faranti ya yi shekara da shekaru a kwance kafin a ɗauke shi.

Baba Kunne ya biyo shi, yana haki. Ya dubi ƙasa, ya girgiza kai.

"Ka ga rashin mutunci? Bai tsaya ga sata ba, har wasa ya yi da motar mutane."

"Mai wasa gudu yake yi, Kurma. Laka ya fantsama gefe. Wannan a hankali ya tafi, kamar mai ɗauke da ƙwai."

"To, kai ka sani. Shayinka ya huce."

*

A layi ana ta cewa ai Mai Gilashi wurin mai tsoffin ƙarafa ya kai hob ɗin. Don haka da yamma Mabi Sawu ya taka har can ƙarshen titi. Mai tsoffin ƙarafa dattijo ne, ya yi kanikanci kafin jak ya murƙushe masa yatsu uku ya koma saye da sayarwa.

"Hob mai ɗigo uku? Da an kawo mini, da ni da kaina zan mayar wa Malama. Ta koyar da 'ya'yana biyar, har yanzu in ta dube ni sai in ji kamar ban yi aikin gida ba."

Mabi Sawu ya yi dariya, ya zauna a kan wani tsohon injin. Yana hutawa, sai ya shiga zana lamba takwas a ƙasa da sandarsa, yana maimaitawa, don abin ya tsaya masa a rai.

"Kai kuma wa ya koya maka wannan?" mai ƙarafa ya ce.

"Mene ne shi?"

"Aikinmu ne na da! Lokacin da ba mu da mai ƙafa uku. In hob ya ƙi fita, sai ka sassauta babban noti zagaye ɗaya, ka mayar da taya, ka shiga fili kana karya mota dama da hagu a hankali. Nauyinta ne zai yi maka aikin. Kana cikin tafiya sai ka ji ƙas! Ya saki ke nan. Nan take ka taka birki."

"In ba ka tsaya ba fa?"

"Ina! Ai hob zai yi ta lilo a kan sandar, ya ci kansa, ya tsage. Amma wa zai ƙi tsayawa? Ƙarar nan ko a barci ka ji ta sai ka farka."

"Wannan ya yi zagaye biyu da rabi bayan ta."

"To bai ji ba ke nan." Mai ƙarafa ya sosa gemu. "Yaran yanzu ba su san dabarar nan ba, ba ta cikin littafi. Mu uku muka rage da muka iya. Ɗaya ya rasu bara. Ni ga hannuna, ba na riƙe sitiyari. Na ukun kuwa..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi Mabi Sawu, Mabi Sawu ya dubi ƙasa. Sallama biyun nan da ya yi da safe ba a amsa ba, ita ta dawo masa. Ya miƙe ya kama hanyar gida.

*

Washegari da sassafe, kafin layi ya cika, Mabi Sawu ya sami Baba Kunne shi kaɗai yana share bakin gareji. Ya zagayo ta gabansa, ya tsaya inda zai ga bakinsa.

"Tun yaushe kunnen ya tafi?"

Tsintsiya ta tsaya. Baba Kunne ya buɗe baki zai yi wasa, ya ga fuskar amininsa, ya fasa.

"Duron baƙin mai ya yi ambaliya ta gefe," Mabi Sawu ya ce, "alhali ba wanda ya yi juyen mai a nan makon nan. Abu mai nauyi aka jefa ciki. Tun yaushe?"

"Shekara biyu." Ya zauna a kan benci kamar an sare shi. "Na hagu ya mutu, na dama yana bin sa. Leɓen mutane nake kallo."

"Me ya kai ka bayan motar?"

"Mai na gani yana tsatsafowa ta tayar hagu. Shekara arba'in ni ke kula da ita, in bar ta ta fita haka? Na jira ranar hutu."

"Ga mai ƙafa uku a rataye."

"In ara a wurin wa? Wata takwas ina yi masa dariya, ina cewa bakaniken da ya jingina da ƙarfe ba bakanike ba ne. Na ce zan yi yadda na saba. Ina ta jiran in ji ƙarar, ina ta jira, har sai da na ji motar na rawa a ƙarƙashina."

"Sai ka ɗora wa mai 'ya'ya huɗu."

"Layi ne ya ɗora masa. Ni shiru na yi."

"Ba shiru ka yi ba. Ka dubi idona ka ce sai da mai ƙafa uku."

"Shi yaro ne, yana da ƙarfi, yana da littattafansa, ko'ina ya je zai tashi. Ni fa? In aka ji kunnen Baba Kunne ya mutu, me ya rage? Ko sunan ma ba nawa ba ne kuma."

Mabi Sawu ya ji tausayi ya taso masa, har ya kusa zama kusa da shi. Amma akwai tambaya ɗaya da ta hana shi cin abinci tun jiya.

"Duk wannan na ji. Me ya sa ka ce a kira ni?"

Baba Kunne ya kau da kai.

"Kurma, da kai nake."

"Kai in ka faɗi magana ba mai sake tonawa."

"Ka san zan gani."

Baba Kunne ya sunkuyar da kai. "Tsohuwarka ta taɓa gaya wa tawa ka fara laluben abu a ɗaki. Na ce yadda nawa ya tafi, naka ma ya tafi. Na ce za ka duba inda na nuna maka, ka faɗa, ka koma gida."

Jama'a, akwai maganar da in ta shiga kunne, gara mari. Mabi Sawu ya tsaya yana kallon mutumin da suka raba shekara hamsin, ya ga ashe an auna makantarsa ne aka gayyato shi, a ari bakinsa a yanka bawan Allah da shi.

"Kana da daga yanzu zuwa la'asar," ya ce. "Ka faɗa da bakinka. In ka faɗa, maganar kunne ba za ta fito daga wurina ba."

*

La'asar ta yi, gareji ya cika. Shugaban layi a kan kujera, Malama a gefensa da jakarta a cinya, Mai Faci, mai walda, da mai tsoffin ƙarafa da Mabi Sawu ya aika ya zo. Mai Gilashi yana tsaye shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da mutane kamar mai cuta.

Mabi Sawu ya jira. Ya gyara hula, ya yi tari, ya sake jira. Baba Kunne yana kallon rufin kwano.

Sai Mabi Sawu ya matsa gabansa, ya ɗaga murya. "Baba Kunne, kai ne babba a sana'ar nan. Gaya wa jama'a, akwai wata hanyar fitar da hob ɗin nan ba tare da mai ƙafa uku ba?"

Idanunsu suka haɗu.

"Babu," in ji Baba Kunne.

"To, ku biyo ni."

Ya kai su fili. Ya nuna musu lamba takwas, ya nuna inda sawu ya fara lanƙwasa, da gurbin jak, da da'irar tsatsa inda aka ɗauki baƙon hob. Mai tsoffin ƙarafa ya yi bayanin dabarar, bai kama suna ba, amma tsofaffin layi suka fara satar kallon juna.

"Jama'a," Baba Kunne ya ce da ƙarfi, "in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Mutumin nan tsufa ya ci idonsa, allura ma ba ya gani a ɗakinsa. Zanen awaki yake karanta muku!"

Wasu suka yi 'yar dariya. Mabi Sawu ya juya. Ya koma cikin gareji, ya karɓi ƙugiya a hannun mai walda, ya zura cikin duron baƙin mai. Ya jawo ɓarin ƙarfe ɗaya, ya jawo na biyu, ya ajiye su a gaban Malama. Ta ciro hankicinta fari, ta goge ƙarfen da kanta. Ɗigo uku suka fito.

Ba wanda ya yi motsi. Baba Kunne ya juya ya ba jama'a baya, ya dafa bango.

"Baba, me ya sa?" Malama ta ce a hankali.

Bai juyo ba.

"Baba Kunne, tambayarka nake yi. Me ya sa?"

Bai juyo ba, bai kuma motsa ba, kuma ba taurin kai ba ne, kowa ya ga haka. Mai Faci, mai bakin nan, ya sa hannu ya rufe bakinsa.

"Ba ya jin ki, Malama," Mai Gilashi ya ce. "Sai kin tsaya a gabansa."

Duk aka juyo.

"Tun watana na farko na gane. Shi ya sa in an kawo inji mai ƙara nake cewa, Baba, ko bawul ne? Don ya ce eh, a ce shi ya gano. Ban gaya wa kowa ba, ko matata." Ya zagaya ya tsaya a gaban tsohon, yadda ya saba, ya yi magana dalla-dalla don ya karanta leɓensa. "Baba, ƙarfen nan a ƙusa yake, ba kwaɗo. Da ka ɗauka ka mayar, ko tambaya ba zan yi ba."

Malama ta nannaɗe ɓari biyun a hankicinta, man na ɗiga a zanenta ba ta kula ba. Ita ma ta je gabansa.

"Da ka ce mini ya fashe a hannunka, da na ce ƙarfe ne, ya tsufa, mu ma mun tsufa. Mijina ya ba ka amanar motar nan, ni na ba ka ta maganarka."

Shugaban layi ya miƙe ya kama hannun Mai Gilashi da hannu biyu, ya ba shi haƙuri a madadin kowa, ya ce akwai rumfa a tsakiyar layi da ba kowa, tasa ce daga gobe. Malama ta miƙa masa makullin motar. Aka watse ba hayaniya, kowa na kallon ƙafarsa. Mai Gilashi ya biyo Mabi Sawu da godiya har titi, tsohon ya ɗaga masa hannu kawai, ya wuce.

*

Da safe Mabi Sawu ya buɗe ƙofar gida, ya tsaya cak. A kan rairayin bakin ƙofa ga sawun da ko a cikin dubu zai gane, na Baba Kunne, mai cin dunduniyar dama. Ya zo daga wajen titi, taku gajeru. Ya tsaya dab da ƙofa, ya daɗe, har ƙafafun suka nutse. Ya juya zai tafi, ya yi taku uku, ya dawo. Ya sake tsayawa. Sannan ya tafi, bai ƙwanƙwasa ba.

Tsohon ya durƙusa ya bi sawun da ido har inda kwalta ta haɗiye shi. Idon da aka ce ya mutu bai bar masa ko taku ɗaya ba.

Tsohuwarsa ta fito da tsintsiya. Ta dubi ƙasa, ta dube shi. Ita ba ta iya karatun sawu ba, amma ta iya na mijinta.

"In bari?" ta ce.

Ya sake duban sawun. Sannan ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Share," ya ce, ya koma ciki.